Kun Yi Wa Kofur Sale Fatiha Yana Zaune a Cikinku

Zuwa ga Shugaba da Magatakardan Ƙungiyar Zumuntar 'Yan Gada,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku da sauran 'yan'uwa tsofaffin sojojin injiniya. Yaya jiki, yaya tsufa, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara mana lafiya da nisan kwana mai amfani.

Ni ne Saje Haruna Achika mai ritaya, mazaunin Sabon Gari a Wudil. Ranku ya daɗe, soja bai saba kai ƙarar manyansa bainar jama'a ba, ni ma ban taɓa yi ba sai yau. Sau biyu na kira Magatakarda a waya, sau biyun yana ce mini in bari sai taron bayan Babbar Sallah a duba. Ba zan iya bari ba. Mako uku ke nan ban dawo cikin hayyacina ba.

Ga maganar a taƙaice. Kofur Sale Darki, wanda kuka rubuto mini shekara bakwai da suka wuce cewa Allah ya yi masa rasuwa, yana nan da ransa. Na gan shi da idona, na riƙe hannunsa, na ci tuwon dawa a gidansa. Zan jero muku yadda abin ya kasance, don kada wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa Haruna.

Na ɗaya, ko wane ne Sale a wurina.

Ku kun san aikinmu, amma tunda wasu za su karanta, bari in faɗa. Mu ne sojojin da ake turawa gaba su gyara hanya kafin kowa ya wuce. Mu ke fasa dutse da nakiya, mu ke tono abin da aka binne a ƙasa don ya kashe mutane, mu ke haƙa rijiya, mu ke kafa gadar ƙarfe a kan kogi cikin yini guda. Gadar nan falle-falle take zuwa, kowane falle sai mutum shida sun ɗauka, bibbiyu a kan sanda ɗaya. Wanda ke riƙe da ɗaya bakin sandarka, ƙafarka da bayanka a hannunsa suke. In ya saki ba shiri, ka gama tafiya a miƙe.

Shekara goma sha ɗaya Sale ne a ɗaya bakin sandata, a gida da kuma wajen ƙasa inda aka tura mu. Bai taɓa saki ba. Gajere ne, ni dogo, don haka kullum nauyin a kansa yake sauka, kullum kuma yana mita wai an haɗa shi da raƙumi. Mu shida ɗin nan mun yi wa juna alkawari cewa duk wanda ya riga mutuwa, sauran su za su ɗauki makararsa.

Na biyu, takardarku.

Da na bar aiki sai na zauna Fatakwal ina tuƙa injin ɗaga kaya, muka ɓace wa juna. Da na ji labarin an kafa wannan ƙungiya, murna ta kama ni. Na yi rajista daga can, na rubuto ina cigiyar Sale. Amsarku tana nan a akwatina, layi uku ce da hatimi da sa hannu. Kun ce ya riga mu gidan gaskiya, an kuma yi masa addu'a a taron shekarar. Ba ku faɗi ranar ba, ba ku faɗi inda aka binne shi ba, ni kuma ban tambaya ba, saboda ban taɓa zaton takarda mai hatimi za ta kashe mai rai ba.

Ranar na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Tun daga lokacin babu sallar da zan idar ban sa shi a addu'a ba, kowane azumi kuma ina fitar masa da sadaka.

Zan faɗi nawa laifin kafin wani ya faɗa mini. Shekara huɗu ke nan da dawowata Wudil, ban taka Darki ba. Kunya ce ta hana ni. Na ga da wace fuska zan je ta'aziyyar da ta shekara uku, ni da na yi alkawarin ɗaukar makara? Taronku ma ban taɓa zuwa ba, don ba na son shiga inda za a tara 'yan gada babu Sale. Samanja Bala, tsohon maƙwabcina a bariki, shi yake amsa mini suna kowace shekara. Wannan kuskurena ne, na kuma roƙi Allah gafara a kai.

Na uku, yadda na same shi.

Ranar Juma'a, mako uku da suka wuce, na shiga kara a kasuwar Wudil da hantsi, ina neman ɗan maraƙin kiwo. Ana loda shanu a wata babbar mota. Sai idona ya faɗa kan itatuwan da aka gicciya a bayan motar don raba shanun. Ɗaurin da aka yi musu ba na 'yan kara ba ne. Namu ne, wanda aka koya mana na haɗa gungume biyu, zagaye huɗu, shaƙewa uku, a tusa bakin igiya ta ƙasa. Na ce a raina wani ɗan gada ya biyo ta nan. Na zagaya motar, sai ga wani gajeren tsoho ya ba ni baya, yana jan igiya da ƙafa ɗaya a jikin taya.

Na yi sallama, bai juyo ba. Na sake yi da ƙarfi, shiru. Wani mai shanu ya ce, "Alhaji, sai ka taɓa shi, Baba ba ya ji." Na taɓa kafaɗarsa, ya waiwayo.

Ranku ya daɗe, na ga abubuwa a rayuwata. Na tono nakiya da hannuna ban yi rawar jiki ba. Amma ranar sai na zauna daɓas a cikin kashin shanu da farar shaddata ta Juma'a, ina ta innalillahi. Mutane suka taru suna zaton farfaɗiya ce. Shi kuwa ya tsura mini ido, can ya kwatsa ihu irin na wanda ba ya jin muryar kansa, "Raƙumi! Kai ne? Ashe kana duniya?"

Shi yake tambayata ko ina duniya! Na kama hannunsa ina murzawa don in tabbatar da ɗumi a jikinsa.

Na huɗu, yadda kuka kashe shi.

Na bi shi Darki a yinin. 'Yarsa Hajara, wadda ke kula da shi, ita ta fayyace mini, abin da ya rage kuma na ji daga bakin Samanja Bala. Kunnen Sale ya mutu gaba ɗaya shekara goma sha biyu da suka wuce. Ba sai na gaya muku dalili ba. Audugar da muke cusawa a kunne lokacin fasa dutse, wa ta taɓa karewa? Mutum nawa ne a cikinmu sai an yi masa magana sau biyu? Samanja ya ce a taronku kowa ihu yake yi, wanda ya wuce ta waje sai ya zaci faɗa ake.

Ga dokarku, yadda aka bayyana mini ita. Kowace shekara Magatakarda yana miƙewa ya kira suna kamar a fareti, ba takarda a hannun kowa sai shi. Wanda aka kira shekara uku a jere bai amsa ba, babu kuma wanda ya amsa masa, sai a ja masa layi, a shekara ta huɗu a karanto shi cikin mamata.

Sale ya yi rajista tun farkon ƙungiya. Shekara goma ke nan bai taɓa fashin taro ba. Yakan sa wankakkiyar rigarsa, ya hau mota daga Darki zuwa Wudil, daga Wudil zuwa Kano, ya shiga ya zauna a layin baya saboda shi kofur ne, gaba ta manya ce. Yawancinku daga wasu rundunoni kuka fito, ba ku san fuskarsa ba. An kira shi shekara uku yana zaune a ɗakin. A ta huɗu kuka ɗaga hannu kuka yi masa fatiha yana tsakaninku.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, kun san da shi. Samanja ya ce har suna kuka sa masa, Baba Kurma. Kuna miƙa masa shinkafa da lemo, kuna ɗaukar hoto da shi. Shekara goma babu mutum ɗaya da ya miƙa masa biro ya ce rubuta sunanka. Subhanallahi!

Ina tambayarku, a ina kuka koyi wannan doka? Ba a aikinmu ba dai. Mu in an tashi nakiya, ƙura ta lafa, ana kiran suna. In aka kira mutum sau uku bai amsa ba, ajiye komai ake yi a bazu nemansa, a ɗaga duwatsu da hannu, ba mai cin abinci sai an gan shi. Shirun mutum a wurinmu umarni ne na a fita nema. Ku kuma kuka mai da shi takardar shaidar mutuwa, a cikin taron mutanen da rabinsu nakiya ta cinye wa kunne.

Na biyar, abin da layinku ya jawo.

Cikin mu shida, biyu sun rasu a waɗannan shekaru. Ni da bakina na sanar da su mutuwar Sale, sun tafi suna yi masa addu'a. Shi kuma bai ɗauki makarar ko ɗaya ba, don ba a sanar da mamaci rasuwa.

Shekara biyu da suka wuce matarsa ta rasu. Hajara ta kira lambar ƙungiya, wanda ya ɗauka ya duba littafi ya ce ba su da wannan suna cikin masu rai, ta zaci wulaƙanci ne, ta kashe wayar ba ta gaya wa mahaifinta ba. Shi kuwa ya sa aka shimfiɗa tabarma daban a ƙofar gida, ya hana kowa zama, wai ta abokan aikinsa ce. Kwana uku tana shimfiɗe. Ni a lokacin ina Wudil, tafiyar da ba ta kai a sha shayi a gama ba.

Saboda haka ina roƙonku abu uku.

Na farko, ku soke wannan doka tun kafin taro mai zuwa. A ajiye littafi a ƙofa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Kada a sake karanto kowa cikin mamata sai an je gidansa an ji daga bakin iyalinsa.

Na biyu, ku ɗauko duk sunayen da kuka ja wa layi ta wannan hanya, ku raba mana su gari-gari mu fita nema. Ni na ɗauki Wudil da kewayenta. Jikina yana ba ni ba Sale kaɗai ba ne.

Na uku shi ne mai nauyin, shi ya sa na rubuto. Har yanzu Sale bai san abin da kuka yi masa ba. Da muka zauna a zaurensa, ni ina rubuta masa a takarda shi yana amsawa da baki, na tambaye shi ko ba ya jin haushin zuwa taron da ba a san shi ba. Ya yi dariya ya ce wa ya ce ba a san shi ba? Ya ce da ya lura shekara uku bai ga an kira sunansa ba, a ta huɗu sai ya yi ƙarfin hali ya matso layi na biyu, ya kafa wa bakin Magatakarda ido. Aka yi ta kira bai ga komai ba. Can wajen ƙarshe, bayan kowa ya natsu, sai ya ga sunansa a leɓen Magatakarda sarai. Ya miƙe tsaye, ya ƙame, ya ce, "Ina nan, sa!"

Samanja Bala ya tuna ranar. Ya ce ana tsakiyar karanto mamata wani tsoho ya tashi yana ihu, mutum biyu suka kama shi suka zaunar, aka ci gaba da addu'a.

Sale kuwa da alfahari ya ba ni labarin. Ya ce, "Ka gani, Raƙumi, a ƙarshe suka ajiye ni, tare da 'yan kaɗan. Da na amsa har hannu aka ɗaga aka yi mana addu'a. Tun daga nan ban sake damuwa ba, na san ina cikin littafi."

Biro yana hannuna, takarda tana kan gwiwata, na kasa rubuta masa ko harafi ɗaya. Na koma sau huɗu tun ranar, kullum da niyyar in faɗa masa, kullum in dawo da maganata. Ba zan iya ba, kuma ba ni ya kamata in yi ba. Ranka ya daɗe Magatakarda, a bakinka ya karanta sunansa. Ka zo Darki da kanka, ka zauna a gabansa inda haske yake, ka faɗa masa a hankali yadda zai gani. Zan jira ka a tashar Wudil duk ranar da ka zaɓa, in raka ka har ƙofar gidan.

Allah ya ba ku ikon gyarawa, ya yafe mana baki ɗaya, ya jiƙan waɗanda suka rasu da gaske, ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Naku,
Saje Haruna Achika (mai ritaya),
Sabon Gari, Wudil.