Sabiru Bai Mutu Ba, In Ji Ofis

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Yau aka sanar da ni cewa mijina Sabiru yana da rai. Shekara shida da rasuwarsa.

'Yata Mu'mina ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a Dakar, kuma dole fasfo ya fito kafin ƙarshen Yuli, in ba haka ba a ba wata. Da yake shekarunta ba su kai ba, sai an ga sa hannun uba. Na ce uban ya rasu. Matar da ke bayan gilashi ta ce in kawo takardar mutuwa. Na ce babu. Ta ce to a wurinsu bai mutu ba. Na ce madalla, ta gaya masa ya dawo gida, rufin kicin yana yoyo. Ba ta yi dariya ba. Mu'mina ta ja mini mayafi.

Laraba, 7 ga Mayu

Ofishin magajin gari. Daga ƙasa aka tura ni sama, daga sama aka ce mai kujerar ya fita. Rigarsa dai tana rataye a kujerar, ita ke aiki a madadinsa. Na karanta rabin littafina kafin ya dawo yana sakace. Ya ce lokacin kai rahoton mutuwa ya wuce tuntuni, yanzu sai kotu ta yi hukunci, kuma sai da shaidu biyu da suka ga gawa. Ya ƙara da cewa mu mutanen unguwar Briqueterie haka muke, mu binne da azahar, mu tuna da hukuma bayan shekara goma. Na buɗe baki in wanke shi, sai na ga gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na gangara bakin tafki na zauna. Ruwan kore, yana wari. Ƙafafuna sun kumbura.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ni ban ga gawar ba. Ina cikin jirgin ƙasa daga Ngaoundéré, na je duba Inna, wan mijina Baballe ya sa aka yi masa sutura aka kai shi. Na iso na tarar da tabarmi da butoci. Tun ranar ban ƙara yi wa Baballe magana ba, ko gaisuwar Sallah.

Limamin da ya yi masa salla ya rasu. Sule tela, maƙwabcinmu, ya yarda zai tsaya. Saura ɗaya. Na san ko wane ne, ba sai an gaya mini ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na bi gida uku. Kowa ya ce yana cikin sahu amma daga baya, kuma kotu ba wurin zuwa ba ce. Maza.

Talata, 13 ga Mayu

Mu'mina ta daina zancen Dakar. Ta mayar da akwatin da ta aro ƙarƙashin gado, ta ɗauka ban gani ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na je Etoudi, kasuwar shanu, cikin taɓo har idon sawu. Baballe ya tsufa. Ban gaishe shi ba, na faɗi abin da ya kawo ni kamar mai karanta sanarwa. Ya saurara yana kallon ƙasa, ya tambayi ranar, ya ce Allah ya kai mu. Na shirya maganganu tun daga gida, masu kaifi, bai ba ni inda zan sa ko ɗaya ba.

Talata, 27 ga Mayu

An ɗaga zaman kotu. Alƙali tana taro. Baballe ya bar shanunsa ana gab da Layya, ya wuni a benci. Ni a wannan ƙarshen, shi a wancan, Sule a tsakiya yana ta ba mu labarin ciwon bayansa.

Laraba, 18 ga Yuni

An yi.

Alƙali ta tambayi dalilin da ya sa babu takardar asibiti. Baballe ba ya jin Faransanci sosai, ya amsa da Hausa.

"Ranki ya daɗe, ba mu kai asibitin ba. A tasi ya cika, cikin cunkoson kasuwar Mokolo, kansa a cinyata. Ya ce in buɗe gilashi, na buɗe. Ya tambaye ni ko jirgin Ngaoundéré ya shigo. Na ce masa ya shigo."

Jirgin bai shigo ba. Muna tsaye a daji a lokacin.

Tafinta ya juya ya ce wa alƙali: ya mutu a hanya. Ta rubuta. Shi ke nan abin da ya shiga takarda.

Shekara shida ina zaton a gadon asibiti ne, shi kaɗai. Ban taɓa tambaya ba. Wa zan tambaya?

Alhamis, 3 ga Yuli

Takardar ta fito, da hatimi ja. Sabiru ya mutu. Mun kai ta ofishin fasfo, matar nan ta bayan gilashi ta karɓa ko kallona ba ta yi ba. Mu'mina ta jawo akwati, tana ta waƙa, tana tambayata ko ana sanyi a Dakar. Ina na sani.

Na gaji har cikin ƙashi.

Asabar, 5 ga Yuli

Na kira Baballe don in gaya masa an karɓi takarda, ai ya kamata ya sani. Ya ce, "To, Maman Mu'mina, Allah ya sa albarka." Ban ajiye wayar ba, shi ma bai ajiye ba. Na ce gobe in yana da sarari ya zo ya nuna mini daidai inda tasin ya tsaya.

Ban ce komai ya wuce ba. Wurin kawai nake so in gani. Zan ɗan ƙara shinkafa, tunda tafiyar daga Etoudi da nisa.