Liyarin da Ke Gwangwanin Kalilu

Isa, Yuli 1974

Zuwa ga Yaya Ruƙayyatu, Tsamaye.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aka ji da wannan fari? Ya kuma haƙurin Saude? Allah ya sa mai ceto ce.

Yero direba ya kawo mini gwangwanin tsofaffin kuɗina da na ba ki ajiya tun kafin a yi mini canji zuwa makarantar nan. Anini na nan, kwabo mai huji na nan, sulallan Sarki Joji na nan. Amma liyari, manyan azurfar nan masu hoton mace, ko ɗaya ban gani ba. Na zazzage, na sake zazzagewa.

Ba zargi nake ba, Yaya. Sai dai an ce mini an ga mijinki Atiku ran kasuwar Sabon Birni yana shawagi a rumfar maƙeran azurfa. Me manomi ke nema can a shekarar da ko kara bai yi ba?

Ƙanenki, Kalilu

Tsamaye

Zuwa ga Malam Kalilu.

Na amsa gaisuwa. Malami mai shago na sa ya rubuta, na ce kada ya rage ko kalma guda.

Layi guda ka ba ɗiyata, sauran takarda ka ba gwangwani. Madalla. Atiku 'yan kunnena ya kai ga maƙera, tiya biyu ta dawa anka ba shi, ita munka yi ta jan rai da ita. In mai kai maka labari na da ido, mi ya hana shi ganin wannan?

Kuma ba kai ba ne ka tara mu tsakar gida ka ce matattun kuɗi ne, ko goro ba su saye, sha'awa ce kawai irin ta 'yan boko? To mi ya ta da matacce yanzu? Ruwa ba ya tsami banza. Faɗa mani gaskiya.

Yayarka, Ruƙayyatu

Isa

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin tambaya, ga amsa. Duk mai tara irin waɗannan kaya ya san ba a bayyana darajarsu, ko ga 'yan gida. Abin da aka raina ɓarawo ba ya kallonsa, dabarar ke nan, kuma shekara da shekaru ta tsare mini su. Sauran kam matattu ne, amma liyari azurfa ce tsantsa. Wani alhaji daga Maraɗi ya taya kowace ɗaya buhun gero, na ƙi, don ba na sayarwa ba ne. Daga hannun Fulanin Tozai na tsinto su ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka wanda ya ɗauka ya san abin da ya ɗauka. Ki sa Atiku ya dafa Alƙur'ani, ko in zo da kaina. Da na sani da banki na kai su.

Kalilu

Tsamaye

Kalilu,

Ga liyarinka nan hannun Yero, ƙulle cikin ɗan zane. Babu wanda ya sata.

Saude ta ɗauke su, ni na bar mata, tunda ka ce banza ne. Da su take rufe 'yan tukwanenta na wasa, tana dafa ƙasa tana ce mani tuwo ya kusa. Lokacin nan ganyen tafasa muke ci, muna tonon gidan tururuwa neman tsaba. Da ta rasu na ƙulle kayan wasanta, ban iya buɗewa ba sai yau da anka karanta mani takardarka.

Buhu guda ka ce, kowace ɗaya. Tana riƙe da su har ranar da ta kasa tashi.

Zanen nata ne. Ka maido mani shi.

Ruƙayyatu