Birkin da Garba Ya Ce Ya Gyara

Daren Laraba, Malumfashi

Na ɗauko masara daga Dayi a a-kori-kura, a gangare na taka birki, sai ƙarar ƙarfe, mota ta ƙi tsayawa. Ga mata suna tsallaka titi. Na karkata na daki dalbejiya, gilashi ya tsaga mini goshi.

Shekaranjiya ƙanena Garba bakanike ya rantse ya sa mini sababbin takalman birki. Da muka kwance taya, tsofaffin ne, sun cinye ƙurmus.

Na same shi a gareji, na shaƙe shi har idanunsa suka firfito, yana "Yaya, don Allah!" Ba don mutane sun ɓamɓare ni ba, da yanzu Inna tana karɓar gaisuwa.