Baffana zai yi wa'azi a cocinmu

Salama alaikum 'yan wannan guruf. Admin don Allah a sakaya sunana, shawararku nake roƙo, don abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni tsohuwa ce, har da jikoki. A wani ƙauye kusa da Wurma aka haife ni. Ina yarinya, lokacin ana kashe sule da sisi, babana ya tafi jinya asibitin mishan, ya dawo Kirista. Ba wanda ya zage shi a fuska, ana gaisawa kamar da, shi ya sa da damina ta yi jikinsa bai gama ƙwari ba, ya kira gayya a taya shi maimai, yadda shi ma ya sha zuwa gonar kowa da hauyarsa. Kowa ya ce Allah ya kai mu. Innata ta kwashe ɗan geron da ya rage a rumbu, ta aro tukwane da ƙore, ta yi tuwo ta dama fura, muka kai bakin gona muka zauna. Har azahar ba mu ga ko mutum ɗaya ba. Ashe ƙanen babana, saurayi ne a lokacin, ya dawo daga karatu, shi ya tsaya a kan hanya yana mayar da mutane, wai abincin gidanmu ya haramta.

Bai tsaya nan ba, da la'asar ya turo mata su karɓi kayan da aka ara mana, ya sa suka wanke su da ƙasa a ƙofar gidanmu, irin wankin da ake wa kwanon da kare ya lasa, innata na tsaye tana kallo. Ciyawa ta cinye gonar. Kafin kaka ƙanena da aka yaye ya rasu, yunwa ce, ba na son a ce min wai zazzaɓi. Muka tattara muka koma Dutsin-Ma. Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba.

To yanzu ya tsufa ya zama babban malami, shi ake kira duk taron zaman lafiya. Fastonmu ya gayyace shi ran Lahadi mai zuwa ya yi mana wa'azi a kan cire ƙiyayya daga zuciya. Wai shi ya faɗa wa Fasto yana da ɗiya a cocin, kuma ko saɓani ba a taɓa yi a zuriyarmu ba, saboda haka ni aka zaɓa in tashi in gabatar da shi. 'Ya'yana sai murna suke, ban taɓa ba su labarin ba.

Na daure na je gidansa, na durƙusa na gaishe shi, na tuna masa. Na ɗauka ko kunya zai ji. Sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ke ɗiyar nan, har yau zancen tuwo ne kike riƙe da shi? Mi aka yi? Shi yaron ai kwanansa ne ya ƙare." Ko sunan yaron bai tuna ba.

Ban ce sauran Musulmi haka suke ba, maƙwabtana Musulmi ne, su suka yi jinyar mijina. Ina tsoron in na buɗe baki a cocin nan in ɓata abin da mutanen kirki suka daɗe suna gyarawa. In kuma na tashi na ce ga Baffana mai son zumunci, na yi masa shaidar zur a gaban Allah, ni kaɗai kuwa na rage cikin waɗanda suka gani. Jama'a, ran Lahadi me zan ce?