Fitilar da ke Bayan Hotona

Zuwa ga Abah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan azumi bai galabaitar da kai ba, kuma ciwon bayan nan ya lafa. Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga wadda kuke gida ɗaya. To, ka san halina. In na tsaya a gabanka maganar guduwa take yi ta bar ni.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Ambu da ta haife ni. Duk ranar da ka dawo da rana ka kwanta, nakan ɗauki makullin bas ɗinka in shige kujerar gaba. Ba karatun makaranta nake yi ba, littattafan soyayya ne, waɗanda kake cewa suna sa yarinya ta ƙona shinkafa. Can ne kawai ba mai kirana.

Ka san hotona na ranar shiga firamare, wanda ka manna a gilashin mita bayan sitiyari. Tun farkon azumi na lura, in kana kai ni makaranta, kumatuna a hoton ja yake yi kamar na mai jin kunya. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina ko ƙarfe ya san Abah yana ƙaunata, tunda shi ba ya faɗa. Shekaranjiya na murɗa makulli don fanka ta kama, sai na ɗaga hoton in ga asirin. Ashe jar fitila ce, da'ira da alamar motsin rai a ciki.

Na ari wayar Ambu na bincika. An ce in an murɗa makulli duk fitilun sukan kama, kamar gaisuwa, su mutu in inji ya tashi. Wadda ta ƙi mutuwa magana ce da ita. Mai ruwan ɗorawa cewa take a kai ni a duba. Ja kuwa cewa take a tsaya. Wannan ta birki ce. Takan kama in birkin hannu yana sama, amma ni a kan titi nake ganinta, muna cikin gudu, kuma hakan yana nuna man birki ya yi ƙasa. Na leƙa ƙarƙashin motar, bayan tayar baya ta hagu akwai danshi mai maiƙo. An ce ƙara mai bai isa ba, sai an gano inda yake zuba.

Na san dalilinka. Bara da fitilar inji ta kama ka kwana biyu ba ka da sukuni, daga baya Mang Encep bakanike ya gano waya ce ta saki. Abokanka a tasha suka yi ta maka dariya: "Kang, yayanmu, fitilar Sallah aka ba ka kyauta, kake kuka?" Kowannensu ya liƙe tasa da sitikar addu'a, kai ma da wannan jar ta kama ka bi sahu da hotona. Ran nan ma Ambu ta ce, "Wai me ya sa kake taka birki sau biyu kamar mai keken ɗinki?" Ka ce, "Motsa jini nake, ranki ya daɗe fasinja." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Yanzu na kasa dariya. Jibi za mu tafi garin Garut yin Sallah wurin kakata Nini, ta gangaren Nagreg, mota cike da maƙwabta, har da Teh Imas da jaririyarta. In na rufe ido gangaren nake gani, da ƙafarka tana taka birki sau biyu, sau uku.

Na daɗe ina tunani a kan hoton nan. Ka zaɓe shi ne don kana so ka riƙa ganina, ko don girmansa ya yi daidai da wurin? Ina jin duka biyun ne, kuma ban ji haushi ba. Sai dai ba na so fuskata ta zama abin da ya hana ka gani.

Da farko na yi niyyar ajiye takardar nan a kan kujerarka in gudu. Amma na san ka, za ka ninke ta ka sa a aljihu ka ce sai bayan Sallah, ga shi Mang Encep gobe da azahar zai rufe gareji ya tafi garinsu. Ina jin ƙarar bokiti a waje, kana wanke motar. Zan fito in miƙa maka da kaina, in tsaya a wurin har ka kai ƙarshe. Ko ka yi faɗa ba zan motsa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kai mu wurin Nini lami lafiya.

'Yarka mai ƙaunarka,
Kinanti