Shanya a Gefen Hanyar Lau

Hamma Buba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Adda Hauwa, yaya yara da zaman Fatakwal? Mu nan Sintali lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da ka aiko wa ɗanka Hamidu don zagaya gona, yanzu a hanyar Lau yake tsere da shi. Manyan motoci ba sa kauce masa, sai ya koma bin gefen titi, inda matan ƙauye ke shanya shinkafa. Ranar kasuwa ya bi ta kan shanyar wata tsohuwa, ko waiwaye bai yi ba.

Na je ba ta haƙuri. Ta kawo min ruwa, ta ce ba komai. Da zan tafi, ƙafata ta bugi wani tarin shinkafa daidai inda hanya ta yi kwana. Hamma, kututture ne aka rufe a ciki.

Na faɗa wa Hamidu, ya yi dariya. Maganarka kaɗai yake ji, ka ba direban da ya kawo maka wasiƙar nan amsa kafin ya juyo. Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a. Gobe ma Hamidu zai fita da babur ɗin.

Ƙanwarka,
Dija