Makarantar Munira da Awakin Tukur-Tukur

Zuwa ga Yaya Su'ad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya a Fatakwal, ke da Alhaji da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Kwarbai lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa gidajen suna.

Batun zaɓar wa 'yarki Munira ƙaramar sakandare, wanda kika ɗora mini tunda a hannuna take, na gama. Kin san halina, ba na yarda da "an ce". Na ɗauki littafin da nake rubuta al'amurana na kullum, na zagaya makarantun gwamnati uku, na kwafe sakamakon jarrabawar aji uku da suke mannawa a bango. Ta unguwarmu, cikin ɗalibai ɗari da ashirin, casa'in da shida sun ci. Ta wajen Ƙofar Kibo ta ɗan gaza haka. Amma ta Tukur-Tukur, sunaye tamanin na ƙirga, babu wanda ya faɗi. Na ja layi biyu a ƙarƙashinta, na ce ko da nisa, can Munira za ta.

Matata Radiya ce ta ce ita ba ta taɓa jin ajin da babu dolo ko ɗaya ba, in koma in duba. Na ji haushi, amma dama zuciyata ba ta kwanta ba, sai na koma. Da na tambayi mai gadi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai takarda uku suka manna da koko, a jere daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, awakin unguwa suka miƙe suka cinye ta ƙasa, iya inda bakinsu ya kai. Shugabar makarantar ta nuna mini ta ofis. Arba'in ɗin da ke takardar ƙasan nan duk faɗuwa suka yi.

Sau uku na sake lissafin. Ranar Litinin zan kai Munira ta unguwarmu, tafiyar minti biyar. Sai tsalle take, ƙawayenta duk suna can. In kin ga kuskure a ciki ki gaya mini, don yanzu ko akuya ta wuce sai Radiya ta ce in tambaye ta sauran sakamakon.

Ki gaida Alhaji, da Suhail da Asama'u. Inna da Munira suna gaishe ku.

Ƙanenki,
Inuwa